Mikeli, ɗan marini da ya gano irin funfuna

Kun san funfuna, wadda wasunmu ke ce ma hunhuna. Tuwo ya kwana biyu cikin ƙwarya lokacin damina, ku buɗe, sai ku tarar wani abu ya rufe shi kamar auduga. Wani sa'i fari ne, wani sa'i baƙi, wani sa'i tsanwa. Kun gan ta bisa goro, bisa burodi, bisa albasa, da cikin buhun gujjiya da ya sha danshi.

To, daga ina take fitowa? In kun tambaya a kasuwa, mutane da yawa za su ce maku ruɓa ce ke haifar da ita. Masanan Turai ma haka suka ɗauka shekara da shekaru. Suna cewa funfuna da naman kaza ba su da iri, daga ruɓaɓɓen abu suke tasowa haka kawai. Yau za ku karanta labarin mutumin da ya nuna ba haka ba ne. Sunanshi Piyer Antoniyo Mikeli. Ya rasu kusan shekara 300 ke nan, amma aikinshi ya shafi abin da ke cikin rumbunku.

Yaro a shagon littattafai

An haifi Mikeli ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 1679, a birnin Filorans, cikin ƙasar Italiya. Ubanshi marini ne, talaka. Kun san aikin rini, hannu kullum cikin ruwa, abin samu kaɗan. Gidan ba su da halin da za su kai yaron karatu mai zurfi. Ya taɓa karatu kaɗan, sa'an nan aka kai shi koyon aiki wurin wani mai saida littattafai.

Masu ba da tarihinshi sun ce kamun kifi ne ya fara jan hankalinshi wajen tsirrai. Masunta na ƙasarsu suna zuba wani tsiro cikin ruwa, kifi ya bugu, ya taso sama. Tsiron dangin aguwa ne, mai farin ruwa kamar nono. Yaron ya so ya san wane tsiro ne wannan. A shagon maigidanshi kuwa akwai wani babban littafi na tsirrai mai zane-zane, na wani tsohon likita mai suna Matiyoli. Sai ya riƙa buɗa shi yana dubawa. In ya samu hutu, ya fita daji ya nemo ganye, ya zo ya gwada da zanen littafin.

Amma akwai wata matsala. A zamanin nan, masanan Turai da Latin suke rubutu, wani tsohon harshe da ba a magana da shi a kasuwa ko a gida. Wanda bai iya shi ba, ƙofar ilimi a rufe take gare shi. Mikeli ya zauna ya koyi Latin da ƙoƙarin kanshi. Wasu malaman addinin kirista da ke zaune cikin duwatsu, a wani wuri da ake kira Balamburoza, suka ga himmarshi. Ɗaya daga cikinsu, Buruno Tozi, masanin tsirrai ne. Ya riƙa fita daji tare da shi, yana nuna mashi abin da ya sani.

Ma'aikacin lambun sarki

Sannu a hankali sunan yaron ya kai fada. Cikin shekarar 1706, sarkin ƙasar Toskana, Kosimo na uku, ya ɗauke shi aiki, ya yanka mashi ɗan albashi na shekara. Aikinshi shi ne ya nemo tsirrai don lambunan sarki na Piza da Filorans. Waɗannan ba lambunan kayan miya ba ne. Wurare ne da ake tara tsirrai iri iri, musamman na magani, don masu koyon likita su san su da ido.

Daga nan Mikeli ya zama mutumin hanya. Ya bi duwatsu, ya bi fadamu, ya bi bakin teku, daga arewacin Italiya har kudu. Duk tsiron da ya samu, sai ya matse shi tsakanin takardu ya bushe, ya rubuta inda ya same shi. Cikin 1716 shi da abokanshi suka kafa ƙungiyar masana tsirrai ta Filorans. Cikin 1718 aka danƙa ma ƙungiyar lambun birnin, Mikeli ne ke kula da shi.

Bai manta da manoma ba. Akwai wani mugun haki da ke kama saiwar waken ƙasarsu, yana tsotse shi har ya ƙi yin ƴaƴa. Cikin 1723 Mikeli ya fitar da ɗan littafi bisa wannan haki, da harshen Italiya, wanda mutanen ƙasar ke ji. Masanan yau sun ce hakin nan dangi ɗaya ne da ƙuduji, wanda ke cinye mana hatsi da dawa.

Abin da madubi ya nuna mashi

Yawancin masanan lokacin sun fi son manyan itatuwa da furanni masu kyau. Shi Mikeli sai ya duƙa wajen abubuwan da kowa ke ƙyama: gansakuka, naman kaza, da funfuna. Yana da madubi mai ƙara girman abu, wanda ake kira mikroskop. Irin shi ne ake duba jini da shi a likita in ana neman ƙwayar masassara. Nashi bai kai na yau ƙarfi ba ko kusa, amma mutumin yana da haƙuri da kaifin ido.

Da ya sa funfuna ƙarƙashin madubi, sai ya ga ashe ba datti ba ce. Kamar gona take. Akwai siraran zare da suka bazu cikin abin da take ci. Daga zaren nan wasu ƴan karare sun miƙe tsaye. Bisa kowane kara akwai kai, kan kuma cike yake da ƙura. Ku tuna da zangarniyar hatsi bisa karanta, za ku gane abin da ya gani.

Ƙurar nan ce ta tsaya mashi a rai. Ya dube ta da kyau, ya ga ƙwayoyi ne ƙanana ƙanana. Ya duba ƙarƙashin hular naman kaza, nan ma ya ga irin ƙwayoyin, a wasu ma sun jeru huɗu huɗu. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. A wata funfunar, sai an jera ƙwaya wajen 200 kafin su kai milimita ɗaya, wato ƙaramin layin nan na bisa ma'aunin tela. Mikeli ya yi zaton ƙurar nan iri ce. Amma zato dabam, tabbaci dabam. Manomi ya san hanya ɗaya ce ake gane iri: a shuka shi, a ga abin da zai fito.

Shuka bisa ɗan itace

Cikin shekarar 1718 ya yi gwajin da ya sa har yau ake ambatonshi. Ya samo wani ɗan itace dangin guna da kankana, ya yanka shi, ya fitar da sabon yanki mai tsabta. Ya ɗebo ƙurar funfuna iri ɗaya, ya barbaɗa bisa yankin, ya ajiye. Bayan ƴan kwanaki funfuna ta tsiro. Ya sa ta cikin madubi. Irin wadda ya barbaɗa ce ta fito, da karanta da kanta, ba wata ba.

Bai tsaya nan ba. Ya sake yankan wani, ya fitar mashi da fuskoki, ya shuka funfuna dabam dabam bisa kowace fuska. Ku lura da wayon da ke ciki. In da ruɓar ɗan itacen ce ke haifar da funfuna, da duk fuskokin abu ɗaya za su fitar, tun da ɗan itacen ɗaya ne. Amma kowace fuska sai ta fitar da abin da aka shuka mata. Ya maimaita gwajin da wasu ƴaƴan itacen ƙasarsu, ya riƙa rubuta rana da abin da ya gani.

Kun ga ke nan, funfuna halitta ce mai rai, mai iri, kuma kowace iri irinta take haifa. Wanda ya shuka dawa ba ya girbe wake. Ruɓa da danshi ba su haifar da ita, wurin zama kawai suke ba ta da abinci. Irin nata kuwa ba shi da nauyi, iska ke yawo da shi ko'ina, har cikin ɗakin da kuke zaune yanzu.

Kada ku ce kowa ya yarda nan da nan. Mikeli bai da hanyar da zai hana wani irin faɗowa daga iska bisa yankin da ya shuka, saboda haka masu gardama suka samu abin kamawa. Aka yi ta jayayya sama da shekara 100, har zamanin Luwi Pastor na Faransa, wanda ya kashe maganar wajen 1860.

Yadda ake raɗa ma sabon abu suna

Tun da funfuna iri iri ce, dole a rarrabe su, a ba kowace suna. In ba haka ba, masanin wannan gari zai yi magana bisa wata, na wancan gari ya ɗauka wata ce. Ga yadda Mikeli ke yi. Da farko ya duba abin da kyau. Ya rubuta launinshi, da siffar karan, da siffar kan, da yadda ƙwayoyin suka jeru, da abin da ya same shi bisa. Sa'an nan a zana shi. Bayan haka ya gwada shi da waɗanda aka riga aka sani. In ya yi kama da su, ya sa shi cikin gidansu. In bai yi kama da kowa ba, ya buɗe mashi sabon gida da sabon suna.

Ga misali uku. Akwai funfuna mai kai kamar ɗan ƙwallo a rufe, irin yana ciki. Ya kira gidanta Mucor, kalmar da ke nufin funfuna da Latin. Akwai wata da karanta ke yin rassa, ƙwayoyin suna cure a kai kamar nonon inabi. Ya kira ta Botrytis, daga kalmar mutanen Girka mai wannan ma'ana.

Ta uku ita ce ta fi shafarmu. Karanta ɗaya ne, miƙaƙƙe, da kumburi a kai. Daga kumburin ƙwayoyi sun fito a jere kamar tsakiya a zare, sun watsu ta kowane gefe. Da Mikeli ya gani, sai ta tuna mashi da wani kayan aiki na majami'arsu. Ɗan sanda ne mai dunƙulallen kai, limamin kirista yana tsoma shi cikin ruwa yana yayyafa ma mutane. In kun tuna da kan butar ban ruwa ta masu lambu lokacin da ruwa ke fita, kun kusa ganin siffar. Daga sunan wannan sanda ya kira funfunar Aspergillus. Har yau da wannan suna duniya ta san ta.

Littafin da ya sha wuya

Mikeli ya tara duk wannan cikin babban littafi da Latin, harshen nan da ya koya da kanshi. Sunan littafin Nova plantarum genera, ma'ana sabbin gidajen tsirrai. Rubutawa ba ta kai bugawa wuya ba. A zamanin nan, kowane zane sai an sassaƙa shi bisa farantin jan ƙarfe kafin a buga shi a takarda, abin kuwa da tsada. Ɗan albashin Mikeli ba zai iya ba. Sai ya bi masu hali, na gida da na ƙasashen waje, kowa ya biya kuɗin wani zane, aka rubuta sunanshi a jikin zanen. Aka ɗauki shekaru ana wannan fama.

Cikin 1729 littafin ya fito a Filorans. Ya ƙunshi bayanin tsirrai wajen 1900. Wajen 1400 daga ciki ba wanda ya taɓa bayyana su kafin shi. Wajen 900 kuwa naman kaza ne da funfuna da danginsu. Shafin zane 108 ne. Saboda wannan littafi masana da yawa ke kiran Mikeli uban ilimin funfuna da naman kaza.

Ya shirya kashi na biyu, amma bai ga fitowarshi ba. Cikin 1736 ya tafi neman tsirrai a duwatsun arewacin Italiya. Ya komo gida, ciwon ƙirji ya kama shi. Ya rasu farkon watan Janairu na 1737, yana da shekara 57. Almajirinshi Jobani Tarjoni Tozeti ya gaje shi a lambun, ya adana takardunshi da busassun tsirranshi. Suna nan a Filorans. An kuma kafa mashi abin tunawa cikin majami'ar Santa Kuroce, inda ake tunawa da manyan mutanen ƙasar. Babban masanin nan na ƙasar Suwidin, Line, ya raɗa ma wani gidan itatuwa suna Michelia don girmama shi.

Baƙa da rawaya

Gidan da Mikeli ya buɗe ya ci gaba da cika. Cikin 1753 Line ya kawo tsari mai sauƙi: kowace halitta suna biyu, na gida da na yanka, kamar yadda muke haɗa sunan mutum da na ubanshi. Cikin 1809 wani Bajamushe mai suna Link ya bayyana wata Aspergillus mai launin rawaya da tsanwa, ya kira ta Aspergillus flavus. Cikin 1867 wani Bafaranshe mai suna Ban Tigem ya bayyana wata baƙa, ya kira ta Aspergillus niger. Kada ku ɗauka sunan ƙasarmu ne. Da Latin kalmar niger baƙi take nufi. Ita ce baƙar ƙurar da kuke gani ƙarƙashin ɓawon albasa.

Yau an san iri sama da 400 a wannan gida, kuma ana ta gano sabbi. Wanda ya gano sabuwa, hanyar Mikeli yake bi: ya shuka ta, ya duba, ya auna, ya ɗauki hoto, ya gwada da danginta. Abin da aka ƙara shi ne, yanzu ana karanta ƙwayar gadon da ke cikinta, wadda ake kira ADN, ana ajiye samfurinta a ma'ajiya, ana kuma rubuta sunan cikin rajista. Wani abu ɗaya ya sake. Mikeli cikin tsirrai ya sa funfuna. Masanan yau sun ware ta, ita da naman kaza da yis na burodi, sun ce ba tsirrai ba ne, ba dabbobi ba ne, jama'a ce mai zaman kanta.

To, mene ne amfanin duk wannan rarrabewa? Amfanin shi ne a san aboki, a san maƙiyi. Da baƙar nan, niger, masana'antu ke yin sinadarin tsami da ake sa ma lemun kwalba. Daga wata funfuna ta wani gida aka samo maganin penisilin, wanda Fleming ya gano cikin 1928. Amma rawayar nan, flavus, tana iya fitar da dafi.

Abin da ya shafi rumbunku

Cikin 1960 talotalo sama da 100.000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gujjiya ce da aka kawo daga Barazil, wadda flavus ta kama. Aka kira dafin aflatoksin. Cikin 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya bayan sun ci masara mai wannan dafi. Ko bai kashe nan take ba, wanda ke cin shi kaɗan kaɗan shekara da shekaru yana iya samun ciwon dajin hanta. Dafuwa da suya ba su kashe shi. In dabba ta ci, yana iya fita cikin nononta.

Wannan funfuna tana son gujjiya da masara, tana son ƙasa mai zafi irin tamu. Irinta yana cikin ƙasar gona da cikin iska, ba mai iya share shi. Amma ku tuna abin da gwajin Mikeli ya nuna: iri ne, iri kuwa ba ya tsira sai ya samu danshi. Nan ne ƙarfinku yake.

In gujjiya ta nuna, ku cire ta da wuri, kada ku bar ta cikin ƙasa ƙwari su huda ta. Ku shanya ta bisa tabarma ko wuri mai tsabta har ta bushe sarai, ta riƙa kaɗawa cikin ɓawonta. Kada ku jibge buhu bisa ƙasa ko jikin bango, ku ɗora shi bisa itace. Ku gyara rufin rumbu kafin ruwa ya sauka. In za ku yi ƙuli-ƙuli ko miya, ku tsince ƙwayar da ta motse, da wadda ta fashe, da wadda ta sake launi, da mai ɗaci. Kada ku ba yara, kada ku ba dabbobi, kada ku kai kasuwa. Asarar tiya ɗaya ta fi sauƙi bisa ga ciwon hanta.

Gobe in kun ga funfuna bisa tuwo, kun san ba daga tuwon ta fito ba. Iri ne ya faɗa, ya samu danshi, ya tsira. Ɗan marini na Filorans ne ya fara shuka shi da hannunshi, ya nuna ma duniya.

Tambayoyi

A wace ƙasa aka haifi Mikeli, kuma mene ne sana'ar ubanshi?

Don me ya shuka funfuna dabam dabam bisa ɗan itace ɗaya?

Mene ne ma'anar kalmar niger cikin sunan baƙar funfuna?

A garinku, yaya ake shanya gujjiya, kuma me ya kamata a gyara?